Ba Kowane Tari Ne Sanyi Ba: A Bari Likita Ya Saurari Ƙirji

Da zarar hunturu ya kankama a Dutsin-Ma da Kurfi, sai tari ya zama ruwan dare. Ƙurar hazo, da ƙaiƙayin sussukar gero da dawa, da hayaƙin icen girki da na jin ɗumi a rufaffen ɗaki, duk a huhu suke sauka. Abin da aka saba cewa shi ne "sanyi ne ya kama shi", sai a tura yaro kemis ya karɓo maganin tari. Alhali cututtukan da ke kawo tari suna da yawa, kuma kowace da nata magani.

Hanya ta farko da likita ke bi ya rarrabe su ita ce sauraren ƙirji da na'urar nan da yake ratayawa a wuya, wadda wani likitan Faransa mai suna René Laennec ya ƙirƙiro a 1816. Idan ya ce a ja numfashi da baki, yana ɗora ta a ƙirji da baya, dama da hagu, yana gwada ɓangare da ɓangare ne. Lafiyayyen huhu sautinsa a tausashe yake, kuma iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

In aka ji fito yayin fitar da numfashi, hanyoyin iska sun tsuke, abin da aka fi gani ga masu asma. In aka ji ƙas-ƙas kamar an watsa gishiri a garwashi, ruwa ko mugunya ne ya shiga ƙananan jakunkunan iska. Wannan kan nuna ciwon haƙarƙari, wato limoniya, amma ga dattijo mai kumburin ƙafa yana iya zama zuciya ce ta gaza. Sauti mai kauri irin na minshari majina ce ta taru a manyan hanyoyin iska. In kuwa wani ɓangare ya yi tsit, mai yiwuwa ruwa ko iska ne ya taru ya danne huhun. Akwai kuma ƙara mai kaushi da yaro ke yi lokacin jan numfashi, wadda ko ba na'ura ana jin ta. Maƙogwaro ne ke toshewa, kamar yadda kan faru a cutar mashaƙo da ta addabi Kano da Katsina a 2023. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Iyaye ma suna da nasu awon. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake natse, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri in ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, ko yaro ya kasa shan nono, ko ya shiga jijjiga, a garzaya asibiti. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa limoniya ta kashe yara 162,000 a Nijeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Sai dai kunne kaɗai ba ya yanke hukunci. Mai tarin fuka na iya zuwa a saurari ƙirjinsa a ji lafiya lau. Don haka duk tarin da ya kai mako 2, musamman in da rama da gumin dare, a kai majina a gwada. Gwajin da maganin na wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Jama'a, sakiya da tsagar ƙirji da cire beli ba sa fitar da cuta daga huhu, sai ƙarin rauni da ɓata lokaci. A kai jarirai rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14, a nisanta su da hayaƙi. Wanda numfashinsa ya canza kuma, a kai shi babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ko ɗakin shan magani mafi kusa, a saurari ƙirjinsa kafin a sayi ko ƙwaya ɗaya.