Sikila: Ko ɗigon kitse zai kawo waraka har Ɗan Issa?

A Ɗan Issa, garin da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina a gundumar Madarunfa, kamar sauran ƙasar Hausa, iyayen yaro mai amosanin jini sun san daren da ciwon ƙashi ke hana gida barci. Cibiyar ƙasa mai kula da cutar tana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600.

Tushen cutar yana cikin ɓargo, inda ƙwayoyin asali ke haifar da jajayen ƙwayoyin jini. A jikin mai sikila, ƙwayoyin kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Don haka waraka sai an gyara ƙwayoyin asalin ko an musanya su.

A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Najeriya. Sai dai dashen na buƙatar mai bayarwa da ya dace, galibi ɗan'uwa na jini, ga kuma tsada. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin majinyacin da kansa, kan dala miliyan 2.2, tare da makonni a gadon asibiti.

A nan ne wasu mitsi-mitsin ɗigon kitse suka shigo, waɗanda kaurin gashin kai ya ninka su kusan sau 1,000. Irinsu ne suka ɗauki saƙon rigakafin korona na Pfizer da Moderna. A 2023 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun wallafa a mujallar Science cewa sun aika irin wannan ɗigo kai tsaye ga ƙwayoyin asali a ɓargon ɓeraye, sun kuma gyara ƙwayoyin masu sikila a ɗakin gwaji. Burin shi ne allura ta maye gurbin dashe, abin da ƙaramin asibiti zai iya ɗauka.

Amma daga ɓera zuwa mutum akwai tafiya. Kafin nan, gwajin jini kafin aure ne kariya, wanda jihar Kano ta wajabta a 2024. Idan miji da mata duk AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi mai cutar.