Matan Mongoliya: Daga Mulkin Duniya Zuwa Layin Ruwa

 Yau za mu yi doguwar tafiya zuwa wata ƙasa da ake kira Mongoliya, wadda take tsakanin Rasha daga arewa da Sin daga kudu. Wajen faɗi ta yi Nijeriya ɗaya da rabi har da ɗoriya, amma mutanenta duka wajen miliyan 3 da rabi ne kawai, kuma kusan rabinsu suna zaune ne a babban birnin ƙasar, watau Ulan Bator.

Da za ki sauka a birnin nan cikin watan Janairu, abin da zai fara tarbarki shi ne sanyi, domin a duk manyan biranen mulki na duniya babu wanda ya kai shi. Ma'auni yakan sauka awo 30 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A tsakiyar gari za ki ga dogayen benaye da manyan kantuna, kowane ɗaki da bututun ruwan zafi mai ɗumama shi. Amma ki ɗaga kai ki dubi tuddan da suka kewaye garin ta arewa. Can za ki hango fararen tantuna rututu cikin shingayen katako, ga mata da yara sun dunƙule cikin riguna masu kauri, suna tura kura ɗauke da jarkoki zuwa rumfar sayar da ruwa. Wajen rabin mutanen birnin, ko ma fiye, a irin waɗannan unguwanni suke.

To, 'yar'uwa, waɗannan masu layin ruwa jikokin mutanen da suka taɓa girgiza duniya ne. Labarin kuwa da wata mace ya fara, sunanta Ho'elun. Wajen shekarar 1162 ta haifi ɗa aka sa masa suna Temujin. Yana ɗan shekara 9 abokan gaba suka sa wa ubansa guba ya mutu. Dangi suka kwashe dabbobi suka yi ƙaura, suka bar ta a bakin kogin Onon da 'ya'yanta 5 ƙanana. Ba ta zauna tana kuka ba. Ta yi ɗamara, tana tono saiwoyi tana tsinko 'ya'yan itatuwan daji, yaran kuma suna kamo kifi, har suka girma. A 1206 ƙabilun Mongol suka taru suka naɗa Temujin sarkinsu duka, suka ba shi laƙabin Jangis Khan. Kafin ya mutu a 1227 dawakinsa sun taka daga arewacin Sin har ƙasar Farisa.

Surukarsa ma, Sorgagtani, haka ta yi. Mijinta ya mutu a 1232 ya bar ta da 'ya'ya maza 4, ta tsaya kan tarbiyyarsu da karatunsu. Cikinsu akwai Hulagu, wanda ya ci Bagadaza da yaƙi a 1258, ya kashe halifa, aka zubar da jinin jama'a ba adadi. Akwai kuma Kublai, wanda ya kafa daularsa a ƙasar Sin a 1271. Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1368 aka kore su daga Sin, daga bisani kuma sarakunan Sin suka mallake su sama da shekara 200. Sai a 1911 suka yi shelar 'yancin kai, a 1924 kuma suka kafa jamhuriya irin ta gurguzu a ƙarƙashin inuwar Tarayyar Sobiyet.

Duk wannan faɗi-tashi bai raba talakan Mongol da kiwo ba. Dukiyarsa iri 5 ce: dawaki, shanu, raƙuma, tumaki da awaki. Gidansa kuwa tanti ne zagayayye da suke kira "ger", ana kafa shi da sanduna, a lulluɓe da bargon gashin tumaki, murhu a tsakiya, ƙofa tana duban kudu. A zamanin gurguzu dabbobin na ƙungiyoyin gwamnati ne, ita ke tanadin ciyawa da likitan dabbobi. Da aka sake tsarin mulki a 1990 sai aka raba wa kowa nasa, aka bar kowa da dabararsa.

Nan ne fa aka ji jiki, domin akwai wani bala'i da suke kira "dzud", watau a yi fari da damina ciyawa ta ƙi, sa'an nan hunturu ya zo da tsanani, ƙanƙara ta rufe ɗan abin da ya tsira. Tsakanin 1999 da 2002 dabbobi wajen miliyan 11 suka mutu. A hunturun 2009 zuwa 2010 fiye da miliyan 8 suka bi su, a na 2023 zuwa 2024 kuma fiye da miliyan 7. Iyayenmu da suka ga farin 1973 sun san yadda mai garke yake kwana attajiri ya tashi da sanda kaɗai. Wanda abin ya faɗa wa sai ya naɗe tantinsa, ya ɗora a mota, ya nufi bayan birni.

Zaman bayan birnin nan a wuyan mace yake. Babu famfo a gida, babu magudanar ruwa, makewayi kuwa rami ne a tsakar gida, a cikin wannan sanyi. Ruwan da za a sha, a yi girki, a yi wanki, duk sai an turo shi a kura, saboda haka mutum guda yakan yi maneji da wajen lita 10 a yini, alhali mai zama a bene yana kwarara ninkin wannan sau da yawa. Murhu kuwa ba ya mutuwa dare da rana. Kwal ake ƙonawa, wanda kuma ba shi da kuɗin kwal yakan sa tsohuwar taya ko roba. Da yake birnin a cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi, hayaƙin ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta a kan gari. Jarirai su suka fi shan wahala, ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Daga 2017 zuwa 2020 ta hana yi wa sababbin baƙi daga karkara rajista a birnin, amma wasu ba su fasa zuwa ba, sai dai suka zauna ba takarda, asibiti da makaranta suka yi musu wuyar samu. A 2019 aka hana ƙona ɗanyen kwal, aka kawo wanda aka tace aka dunƙula. Hayaƙi ya ragu a farko, amma an sami waɗanda suka kwanta ba su tashi ba, saboda wata iska mai guba marar wari da ke taruwa a ɗakin da aka toshe. Uwargida, wannan ya shafe mu: kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu.

Duk wannan kuwa a ƙasa ce mai arzikin tagulla da zinariya da kwal, wadda ta sa hoton Jangis Khan a kan kuɗinta, ta kuma gina masa gunki na ƙarfe mai tsawon mita 40 a gabashin birnin a 2008. Amma sunan kaka ba ya ɗora tukunya.

Ku 'yan makaranta, ga naku. Makiyayan Mongoliya da yawa sukan bar ɗa namiji wajen garke, su tura mace makaranta, domin sun ga cewa hunturu guda yana iya share dabbobi, amma ba ya taɓa abin da ke cikin kai. Shi ya sa mata suka fi maza yawa a jami'o'in ƙasar. Yarinyar da ta turo kurar ruwa da asuba, ita ce za ta ɗauki jakarta ta bi santsin ƙanƙara zuwa aji.

Ke kuma uwargida, in kin ga baƙuwa ta sauka a bayan garinku da yara da ƙullin kaya, kada ki raina ta. Ba ki san abin da ta bari a baya ba, ba ki kuma san wanda take goyo ba. Sai mun sake saduwa.