Ducati Multistrada V4: Babur ɗin Italiya mai ido gaba da baya

Kamfanin Ducati da ke birnin Bologna na ƙasar Italiya ya yi suna ne wajen ƙera baburan tsere. Multistrada V4 da ya gabatar a ƙarshen 2020 kuwa na doguwar tafiya ne, wanda mutum zai wuni a kai da kayansa a baya, amma da ƙarfin babur ɗin tsere. Injinsa mai silinda huɗu ne, cc 1,158, da ƙarfin doki 170. Tankinsa na ɗaukar lita 22.

Abin da ya fi jan hankali shi ne na'urar radar guda biyu da Ducati ya ƙera tare da kamfanin Bosch na Jamus. Shi ne babur na farko da ya shiga kasuwa da radar gaba da baya. Kowace ɗaya nauyinta giram 190 ne, kusan nauyin wayar hannu.

Ta gaba tana auna tazarar da ke tsakanin babur da motar da ke gabansa. Idan matuƙi ya saita gudun da yake so, tsakanin kilomita 30 zuwa 160 a awa ɗaya, babur zai rage gudu da kansa in motar ta rage, ya ƙara in hanya ta buɗe. Ta baya kuma tana lura da motar da ta shiga gefen da madubi ba ya nunawa, sai ta kunna ƙaramar fitila a jikin madubin. Sai dai birkin da tsarin ke kamawa mai laushi ne da gangan, don kada ya jefar da matuƙi. Tsayawar gaggawa tana hannun mai tuƙi.

Samfurin V4 S yana da allo mai inci 6.5 da ke haɗuwa da waya ta manhajar Ducati Connect, ya nuna taswira, kira da waƙoƙi. A saman tanki akwai ɗan akwatin ajiye waya mai wurin caji na USB.

A wannan injin Ducati ya ajiye tsarin bawul na Desmo da aka daɗe da saninsa da shi, lamarin da bai yi wa wasu tsofaffin masoyansa daɗi ba. Ribar ita ce sai bayan kilomita 60,000 ake duba bawul. Ƙorafin da masu gwaji suka fi yi shi ne yawan shan mai.