LABARIN TSIBIRIN SPITSBERGEN DA DUWATSUNSA

Ya ku malamai da almajirai da fatake masu karanta wannan shafi, yau za mu kai ku wani tsibiri can ƙuryar arewa, cikin teku bayan ƙasar Norwe, ana ce da shi Spitsbergen. Shi ne babba cikin tarin tsibiran da a ke kira Svalbard. Wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Holan, Willem Barents, shi ya raɗa masa wannan suna cikin 1596, ma'anarsa kuwa duwatsu masu tsini.

Kano tana daraja 12 arewa da haddul istiwa'i, watau layin da ya raba duniya biyu. Babban garin tsibirin nan, Longyearbyen, yana daraja 78, saura kamar mil 800 a kai ƙuɗubin arewa. Fiye da rabin ƙasar ƙanƙara ta rufe ta rani da damina. Tun daga wajen 20 ga Afrilu har bayan 20 ga Agusta rana ba ta faɗuwa, daga ƙarshen Oktoba kuwa har tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa. Na san malamai za su ce, ina lokacin salla? Masana fiƙihu sun yi magana a kai, sun ce a ƙaddara, ko dai bisa ƙasa mafi kusa mai dare da rana, ko bisa Makka. Wannan babi ne na wata rana.

Abin da ya kawo mu shi ne wannan. Duk faɗin tsibirin babu itace guda da mutum zai zauna a inuwarsa. Abin da ke tsirowa ba ya wuce idon sawu. Amma kuwa cikin duwatsunsa akwai kwal, watau gawayin ƙasa irin na Inugu da jirgin ƙasa ya ke ci a da, kuma an shekara fiye da 100 ana haƙarsa. Ko yaro ya san ba a samun gawayi sai da itace, kwal kuwa asalinsa kurmi ne da ya faɗa cikin fadama, laka da rairayi suka danne shi zamani mai tsawo har ya daskare. To, ina kurmi ya fito a ƙasar da ba ta da ko ƙirare?

Amsar tana cikin duwatsun kansu. Da ya ke babu ciyawa babu itace da za su rufe su, sai mutum ya ga jikin dutse hawa-hawa kamar gefen littafin da aka ajiye a kwance, wani hawa ja, wani fari, wani baƙi. Na ƙasa ya riga na sama samuwa, kamar yadda tubalin ƙasa ya ke riga na sama hawa gini. Wannan ba sabon tunani ba ne. Ibn Sina, wanda ya rasu cikin 1037, ya yi bayani cikin Kitabus Shifa cewa duwatsu masu yawa asalinsu laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin teku hawa bisa hawa, shi ya sa a kan fasa dutse a sami sifar dabbar ruwa a ciki. Abin da mutanen yanzu suka ƙara shi ne awon shekaru. Akwai ma'adinin yuraniyom, irin na Arlit, wanda ke rikiɗa ya zama dalma sannu a hankali bisa ƙa'ida da ba ta sakewa. In aka auna nawa ya rikiɗa nawa ya saura, sai a ƙiyasta shekarun dutsen. Duk adadin da za mu kawo bisa wannan ƙiyasi ne, Allah shi ne Masani.

Can ƙasa duka akwai tushen tsibirin, duwatsu masu tauri da zafi da matsi suka dafa, sun fi bayyana a gaɓar yamma da arewa. Cikinsu akwai giranit, dangin dutsen Kufena da na Kwatarkwashi, kuma shi ne jikin Newtontoppen, dutse mafi tsawo a tsibirin, ƙafa kamar 5,600. Akwai kuma marmar, wanda Larabawa ke kira ruhamu, irin wanda aka shimfiɗa a daɓen Harami. Kada a haɗa shi da marmara tamu ta ginin rijiya, sunan ne kawai ya yi kama.

Bisa wannan tushe sai jan dutsen rairayi na wajen Woodfjorden, cike da ƙasusuwan kifaye masu sulke da babu irinsu yau. Cikin duwatsun wannan zamani ne masana daga Birtaniya suka ba da labari cikin 2015 cewa sun sami kututturan kurmi a tsaye inda suka tsiro, shekarunsu kamar miliyan 380, irin itatuwan da ba su rayuwa sai a ƙasa mai zafi da ruwa. Sama da wannan sai kwal na farko, wanda Rashawa suka haƙa a Pyramiden. Sa'an nan sai dutsen farar ƙasa mai cike da murjani da kwanson dabbobin teku, tare da farin jibsu. Fataken da suka san Bilma ba su bukatar dogon bayani a nan: jibsu kamar gishiri ya ke, ba ya kwantawa sai inda rana ta ƙafar da ruwan zartsi. Watau akwai zamanin da wurin nan ya ke gaɓar teku mai zafi kamar ta ƙasar Larabawa.

Sama kuma sai baƙin dutsen laka mai ɓarewa kamar takarda. A cikinsa aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da kada, tsawonta ya wuce ƙafa 30, shekarunta kusan miliyan 150. A wani wuri da a ke kira Festningen kuwa hawayen nan sun miƙe tsaye maimakon kwanciya, don tsibirin Girinlan ya goge su ya naɗe su sa'ad da ya ke rabuwa da Spitsbergen. Mai tafiya a bakin ruwa a nan, cikin mil kaɗan, sai ya ratsa zamani bayan zamani. A nan aka ga sawun dainaso cikin 1960.

Fassarar masana ita ce tsibirin ne ya yi tafiya. Ɓawon duniya faifai-faifai ya ke, kuma faifan suna motsi. Duwatsu masu ɓurɓushin ƙarfe suna riƙe alamar inda arewa ta ke ran da suka daskare, kamar allurar neman alƙibla da ta tsaya cik, da ita a ke gane inda dutse ya ke a lokacin. Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. Daga haddul istiwa'i zuwa daraja 78 mil kamar 5,400 ne. Raba shi bisa shekara miliyan 380, ba ya cika inci 1 a shekara. Farcen mutum ya fi shi saurin tsiro.

Amma kada a ɗora kome a kan tafiya. Kwal na biyu, na Longyearbyen da Barentsburg, shekarunsa kamar miliyan 60 ne kawai, lokacin kuwa tsibirin ya riga ya yi nisa arewa. Abin da ya faru shi ne duniya duka ta fi yanzu ɗumi a zamanin, har kurmi ya tsiro a wurin da dare ke yin watanni. Har yanzu a bakin kogin ƙanƙara da ke bayan garin a kan tsinci dutse a ga ganye shimfiɗe a jikinsa, faɗinsa kamar tafin hannu, da jijiyoyinsa sarai.

Yanzu ga rabon fatake. Wani Bature mutumin Ingila, Ernest Mansfield, ya ga marmar mai launi a Kongsfjorden, ya koma gida ya zuga masu kuɗi, aka kafa kamfani. Cikin 1911 aka kai ma'aikata da injuna masu tururi da ƙarafan dogo, aka gina gidaje, har aka sa wa wurin suna Sabuwar Landan. A wurinsa dutsen yana da kyau, ga sheƙi ga tauri. Sai dai ƙasar tsibirin daskararriya ce zurfin ƙafa ɗaruruwa. Ruwa in ya shiga tsagar dutse ya daskare ya kan kumbura da kamar kashi 9 cikin 100, sai ya ƙara tsagar. Shekaru dubbai ana haka, marmar ɗin ya tsattsage ciki da waje, ƙanƙarar da ta fasa shi kuma ita ce ke riƙe da shi. Da aka ɗora shi a jirgi ya shiga ƙasa mai ɗumi, ƙanƙara ta narke, sai ya wargaje. Kafin 1920 ta wuce an watse, tukwanen injin suna can har yau suna tsatsa. A ganina laifin ba na mai zuga ba ne shi kaɗai. Ko a kasuwar Kurmi ba a sayen buhun goro sai an buɗe an duba na tsakiya, waɗannan kuwa sun zuba dukiya kafin a kai dutse guda Ingila a ajiye shi wata ɗaya a ga halinsa. Masu haƙar jibsu a Skansbukta su ma sun gwada sau biyu, cikin 1918 da bayan 1930, suka tarar galibinsa wani danginsa ne maras kasuwa.

Kwal shi ya ciyar da mutane. Wani Ba'amurke, John Longyear, ya kafa haƙarsa cikin 1906, da sunansa a ke kiran garin, ya sayar wa mutanen Norwe cikin 1916. Alkawarin da aka ƙulla a Paris cikin 1920 ya ba Norwe mulkin tsibiran, bisa sharaɗin mutanen duk ƙasar da ta sa hannu suna da izinin ciniki da haƙa daidai da 'yan ƙasa, ta wannan ƙofa Rashawa suka zauna. A Longyearbyen kwal a kwance ya ke sosai, a da ana shigarsa ta gefen dutse. A Ny-Ålesund kuwa hawayen sun karkace sun kakkarye, suna tara iska mai kama wuta. Ran 5 ga Nuwamba 1962 ramin ya fashe, mutum 21 suka hallaka, har maganar ta kai ga faɗuwar gwamnatin Norwe cikin 1963, aka rufe ramin. Rashawa sun bar Pyramiden cikin 1998, Norwe kuma ta rufe raminta na ƙarshe cikin 2025.

Akwai wani amfani da aka samo wa dutsen rairayin da ke kusa da garin. Cikin 2008 aka buɗe rumbu a cikinsa, an haƙa rami fiye da ƙafa 300, don ajiyar irin shuka na ƙasashen duniya, ko da yaƙi ko fari ya cinye na gida. Ana riƙe shi da sanyin daraja 18 ƙasa da daskarewar ruwa, in injin ya tsaya kuwa sanyin dutsen kansa zai daɗe yana tsare irin. Ma'aikatar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa da ke Halab, wadda yaƙin Sham ya raba da rumbunta, ta karɓo ajiyarta cikin 2015 ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Cikin akwatunan farko da suka isa can akwai na ma'aikatar binciken noma ta Ibadan, ɗauke da wake da masara da waken soya da gujjiya.