Hotunan Kano na Zamanin Turawa: Wa Aka Ɗauka, Wa Aka Bari?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsofaffin hotunan da ke Gidan Makama, ko ya kalli guntayen finafinan British Pathé a intanet, zai lura abubuwa ƙalilan ne ke ta maimaituwa: ganuwa da ƙofofinta, kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, hawan daba, sai dalar gyaɗa. Ba shakka taska ce mai daraja. Irin waɗannan hotuna ne ke kusanto mana da Kano ta 1911, lokacin da jirgin ƙasa ya iso, da ta 1925, shekarar da Yarima mai jiran gadon Ingila ya kalli daba a zamanin Sarki Usman, aka kuma ga saukar jirgin sama na farko.

Sai dai hoto shaida ne mai ido ɗaya; inda mai kyamara ya juya shi, nan yake kallo. Bature ya ɗauki abin da zai burge mutanen Landan, ko ya gamsar da su cewa mulkinsa na kawo riba. Ko bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya isa ishara: sau da yawa za a kawo cikakken sunan Razdan da muƙaminsa, amma dattijon da ke gefensa a sallame shi da kalma guda mai ma'anar ɗan ƙasa.

Wannan rashi ya fi fitowa fili idan aka dubi kudancin Kano. Kafin rundunar Kanar Morland ta ci birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sai da ta fasa Bebeji da igwa a hanyarta daga Zariya. Can aka fara zubar da jini, amma da wuya ka ga ganuwar Bebeji cikin hotunan da ake yayatawa. Haka manoman Kiru da Tudun Wada da ke kai amfanin gona bakin layin dogo don biyan haraji, da leburorin da suka haƙi kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa. An ɗauki dala, an bar masu gumin. Da fim ya tashi zuwa ƙauyuka, a motar majigi ya zo, ɗauke da irin su Baban Larai, domin a koya wa talaka noman zamani. An ba shi matsayin ɗan kallo, ba a nemi labarinsa ba.

To, ina mafita? Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani. A adakokin gidajen hakimai da dagatai, da na tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e, akwai hotunan da gara ke ci. Wataƙila har da na garuruwan da aka tasa saboda madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero su bi gari gari, su kwafe su a kwamfuta, su mayar wa masu su kayansu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne a zauna da dattawa su faɗi sunan kowace fuska. Takarda za ta iya jiran shekara goma, amma tsohuwar da za ta nuna da yatsa ta ce wannan kakana ne ba lallai ta jira ba. Allah Ya sa mu farga tun da sauran lokaci.