Mota Mai Ɗakin Kwana: Yadda Ake Zaɓa Mata Wuta Da Batir

Uwargida, a ƙasashen Turai da Amurka da Ostireliya akwai wata irin mota da iyalai ke tafiya hutu da ita. Bas ce da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da firji da wurin girki. Tun a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara gyara bas ɗin Volkswagen zuwa irin wannan ɗaki. Jin daɗin motar kuwa ya dogara ne a kan wutarta. In wuta ta yanke cikin dare, abincin yara ya lalace, waya ta mutu, wani lokacin ma motar ta ƙi tashi a inda babu kowa.

Batir biyu, kowane da aikinsa

Batirin da ke tayar da inji ba a yi shi don ya kwana yana jan firji ba. Shi ya sa ake sa wani na biyu, wanda ɗakin kaɗai zai yi wa aiki. Ko da yara sun bar fitila a kunne har gari ya waye, na injin yana nan da ƙarfinsa.

A fara da lissafi kafin a je kasuwa

Kamar yadda ba kya auna shinkafa sai kin san yawan baƙinki, haka ba a sayen batir sai an san wutar da za a sha a yini. Ga misali: firji mai cin wat 40, in injinta ya yi aiki awa 10, ta sha 400. Fanka mai wat 10 na awa 8 ta sha 80. Fitilu huɗu masu wat 3 na awa 5 sun sha 60. A ware wa cajin wayoyi 60. Jimla 600 ke nan. In aka raba da 12, wato ƙarfin batirin mota, an sami 50. Wannan adadin shi za ki kwatanta da wanda ke rubuce a jikin batir, kamar 100Ah.

Sai dai batirin dalma, mai ruwa ko rufaffe, rabin abin da ke cikinsa ake so a sha. In ana ƙarar da shi ƙurmus kullum, ba zai daɗe ba. Ke nan mai 100Ah yini ɗaya zai ɗauki wannan iyalin. Na litiyam, mai alamar LiFePO4, ana iya shan kusan duka abin da ke cikinsa, nauyinsa bai wuce rabin na dalma ba, kuma ya fi shi tsawon rai nesa ba kusa ba. Matsalarsa tsada, sannan ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa, sai in yana da abin ɗumama kansa.

Hanyoyin caji uku

Ta farko ita ce injin motar yayin tafiya. Sabbin motoci suna rage wutar da altaneta ke bayarwa don tsimin mai, saboda haka ana sa wata na'ura da ake kira DC-DC tsakanin batiran biyu, ta daidaita cajin. Ta biyu ita ce sola a kan rufi, wat 100 zuwa 200, tare da na'urar MPPT mai tace wutar kafin ta shiga batir. Tana da amfani da bazara, amma a hunturun Ingila abin da take bayarwa kaɗan ne. Ta uku ita ce jona wa wutar sansanin da aka yada zango, mai ƙarfin 230 a Turai, 120 a Amurka. Masu yawan tafiya su dogara da ta farko, masu daɗewa a wuri ɗaya su ƙara da sola.

Hattara da kayan zafi

Inbata na ba da damar kunna kayan gida, amma butar lantarki mai wat 1,000 tana jan kusan amfiya 90 daga batir. Dutsen guga ma haka. Shi ya sa galibi da gas ake girki a waɗannan motoci.

Lafiyar iyali ita ce gaba

Yara a kusa da batirin nan suke kwana. Dole a sa fiyus dab da kansa, a yi amfani da waya mai kauri daidai da wutar da za ta bi ta, domin siririya zafi take yi har ta kama da wuta. A ɗaure batir kada ya motsa. Mai ruwa kuma a yi masa hanyar iska zuwa waje, don yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji. Haɗin kuwa a bar wa ƙwararre.

Uwargida, ko ba ki da niyyar hawa wannan mota, lissafin nan ɗaya ne da na sola da inbatar gidanki. Kafin maigida ya fitar da kuɗi, ku zauna tare da takarda da biro, ku rubuta abin da gidan ke kunnawa da tsawon lokacinsa.