Tankin Fetur Ma Yana Numfashi: Tiyon Tururi a Tsohuwar Land Cruiser

Wanda ya ɗaga bonet ɗin tsohuwar Toyota Land Cruiser FJ40, irin wadda aka ƙera wa kasuwar Amurka a shekarun 1970, zai ga wani gwangwani a gefen inji, da siraran tiyo a kansa. Sau da yawa za a tarar an yanke tiyon, an cusa masa ƙusa a baki an ɗaure da waya, ko kuma an bar shi yana lilo a buɗe. Hujjar masu yin haka ba ta canzawa: kayan dokar Turawa ne, ba ya ƙara wa mota gudu, cire shi rage kaya ne. A ganina wannan kuskure ne mai haɗari. Tankin fetur dole ne ya shaƙi iska ya kuma fitar da tururi, kuma zaɓin da ya rage wa mai gyara shi ne ta ina tururin zai fita: ta hanyar da aka tsara masa, ko ta inda ya ga dama.

Fetur gauraye ne na sinadarai masu yawa, wasunsu suna tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba. Shi ya sa tanki ke cika da tururi ko da mota tana ajiye. Ruwan man kansa yana kumbura: lita 60 da zafinta ya ƙaru da digiri 20 tana ƙara fiye da lita ɗaya. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse, yana kwanciya ne a ƙasan mota da cikin ramin gareji. Da zarar ya kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga kan batir ya isa ya tayar da gobara. Akwai kuma sinadarin benzin a cikinsa, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. A ɗaya ɓangaren, yayin da famfon mai ke zuƙar fetur, dole iska ta shiga ta cike gurbin. Idan an toshe kowace kafa, mota za ta yi 'yan kilomitoci ta fara shaƙewa ta mutu, a buɗe murfin tanki a ji ya yi huci, a tayar ta tashi kamar babu abin da ya faru. Kafireto nawa aka kwance aka wanke a banza saboda ƙusa ɗaya da aka cusa a tiyo!

Kafin 1970 yawancin motoci suna sakin tururin ne kai tsaye ta ɗan ƙaramin rami a murfin tanki. Hayaƙin da ya addabi birnin Los Angeles ne ya sa jihar Kalifoniya ta wajabta kama wannan tururi a motocin 1970, sauran Amurka suka bi a 1971. Dabarar da ta yi nasara ita ce gwangwani mai cike da gawayi na musamman, wanda aka sarrafa har kowace ƙwayarsa ta cika da ƙananan ramuka. Gawayin yana riƙe tururi lokacin da mota ke tsaye. Idan inji ya kama aiki, sai ya zuƙo iska ta ƙasan gwangwanin, iskar ta kwashe tururin ta kai shi cikin inji ya ƙone.

FJ40, wadda Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, tana da wani hali da ya sa batun ya fi tsanani a kanta: har zuwa 1979 tankinta yana cikin ɗakin mota ne, a ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba. Duk ɗigon da ya zubo, duk tururin da ya ɓalle, mutanen ciki ne za su fara shaƙa. Saboda mota ce ta hawan tudu da gangara, ba kafa ɗaya aka yi wa tankin ba. Siraran tiyo suna fita daga wurare dabam-dabam na samansa, ta yadda duk inda mota ta karkata, akwai wanda bai nutse a mai ba. Dukkansu suna hawa zuwa wani ƙaramin akwati da ke sama da tankin, wanda ke raba ruwa da tururi: ruwan ya gangara ya koma tanki, tururin ya wuce ta wani bawul, ya bi bututun ƙarfe zuwa gwangwanin da ke gaba. A kan gwangwanin galibi an rubuta TANK a wani baki, PURGE a ɗayan, wanda ke zuwa inji. Musanya su yana hana tankin numfashi yadda ya kamata.

A nan ne aikin mai gyara yake, kuma ƙa'idarsa ta kowa ce da ya taɓa gyara indararo: ruwa ba ya hawa, kuma duk inda aka bar kwari zai taru. Tiyon da ya fito daga tanki ya hau sama ba tare da ya lanƙwasa ƙasa ba, domin lanƙwasa ɗaya ta isa ta tara fetur ta toshe hanya. Ya yi nesa da salansa da duk ƙarfen da ke zafi. Inda zai ratsa bodi a saka masa zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakin ƙarfe ya yanka shi a hankali. A kafe shi da kilif, amma a bar masa ɗan sassauci tsakanin bodi da shasi, don kowannensu yana motsi dabam idan mota ta shiga gargada. Irin tiyon ma abin dubawa ne: na ruwa ko na iska yana kumbura ya farfashe idan fetur ya taɓa shi, wanda ya dace shi ne na mai, kamar mai tambarin SAE J30R7. Kafar iska ta ƙasan gwangwani kuwa a ɗaga bakinta inda ruwan rafi da taɓo ba za su kai ba. Motar da za ta shiga duwatsu tana buƙatar bawul mai rufewa idan ta kife, don kada tiyon numfashi ya zama hanyar tsiyayar mai.

Masu cewa tsarin yana rage ƙarfin inji sun haɗa shi ne da wasu kayan rage hayaƙi na wancan zamani, waɗanda wasunsu suka taɓa ƙarfin inji da gaske. Gwangwanin gawayi ba ya jan bel, ba ya tare salansa, abin da yake yi kawai shi ne mayar wa inji man da aka riga aka saya. Inda ake ganin matsala shi ne idan an haɗa tiyon PURGE kai tsaye da mazuƙar inji ba tare da bawul ɗinsa ba. Sai inji ya riƙa zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya yana rawa idan mota na tsaye. Laifin na haɗin ne.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa tsofaffin Land Cruiser da Land Rover da suka yi shekaru suna aiki a Agadas da Maiduguri da yawansu ba su zo da gwangwani ba, kuma sun yi aiki lafiya. Gaskiya ne, amma su ma suna da hanyar numfashi, wato murfi mai rami ko tiyo mai fita waje. Abin da ke kawo ɓarna shi ne gauraya tsari biyu: murfin da ba ya fitar da tururi a kan tankin da aka toshe tiyonsa, sai matsi ya taru ya tura mai ya cika kafireto, ko ya ɓalle ta wurin da ya fi rauni. Kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato, da ke wuce digiri 40, yana sa tanki fitar da tururi fiye da na ƙasashen sanyi, don haka buƙatar hanya mai kyau ta fi yawa a nan.

Akwai kuma masu cewa gawayin da ya shekara 40 ya riga ya mutu. Sau da yawa haka ne, kuma abin da ke kashe shi ruwan fetur ne. Al'adar cika tanki har wuya, ana jijjiga mota don ta ƙara ɗauka, tana cinye gurbin da aka bar wa mai ya kumbura, sai rana ta yi ya bi tiyo ya jiƙe gawayin. Gwangwanin da ya yi nauyi, ko yake ɗigar mai, ko yake zubar da baƙin gari, a sauya shi, ko da na wata motar fetur ce mai bakuna iri ɗaya. Gwajinsa ba wuya: a cire shi, a hura iska kaɗan ta bakin TANK, a ga ko tana fita ta sauran kafofin. Wanda bai samu madadi ba, mafi ƙarancin abin da ya wajaba a kansa shi ne ya kai tiyon sama da tanki, ya saka bawul ɗin kifewa da 'yar matata saboda ƙura, ya fitar da bakinsa waje, nesa da salansa da wayoyin wuta da tagar da mutane ke zaune.